Katifar Lateks: Yadda Ake Zaɓenta da Yadda Ake Suturta Ta

Bara waccan na raka yayata kasuwa sayen kayan ɗakin 'yarta. Mai shagon ya janyo wata farar katifa mai ɗinkin ado, ya daddanna ta da tafin hannu, ya ce, "Hajiya, wannan lateks ce 'yar waje, ko shekara ashirin aka yi ba za ta lotsa ba." Yaya ta waiwayo ta dube ni. Na ce masa, "Alhaji, don Allah a zuge mana zif ɗin mu ga cikinta." Ya ce ai ba ta da zif, a ɗinke take zuwa. Na sa hannu ɗaya na kama kusurwarta, sai ta taso mini sakayau kamar kwali. Muka yi masa godiya muka ƙara gaba, domin katifar lateks ta gaskiya mai ƙafa shida da shida, sai ƙarti biyu sun haɗu suke ɗaga ta.

Katifar lateks tana da tsada, kuma idan aka dace da ta ƙwarai takan kai shekara goma sha biyar zuwa ashirin tana aiki. Amma abu biyu ke jawo asara a kanta: sayen abin da ba a ga cikinsa ba, da rufe ta da abin da bai dace da ita ba. Su ne za mu bi dalla-dalla.

Daga bishiya zuwa gado

Lateks wani farin ruwa ne kamar madara da ke fita daga jikin bishiyar roba. Asalin bishiyar dazukan Amazon ne na Barazil. A 1876 wani Baturen Ingila, Henry Wickham, ya kwashi irinta kimanin 70,000 ya kai lambun Kew da ke Landan, daga can aka kai dashenta Siri Lanka da Singafo da Maleshiya. A yau Tailan ce kan gaba wajen nomanta, a Afirka kuwa Kwadebuwa. Najeriya ma tana da gonakinta a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, akwai kuma cibiyar binciken roba ta ƙasa a Iyanomo kusa da birnin Benin.

Sai bishiya ta shekara shida ko bakwai ake fara tsaga ta. Da asuba mai tsaga yake fita, ya yi siririn yanka a karkace a jikin ɓawon, ruwan ya bi tsagar yana ɗiga cikin ɗan kofin da aka rataya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan nan ne roba, saura galibi ruwa ne. Akan tace shi a inji har robar ta kai kashi 60 cikin ɗari, sannan a kaɗa shi ya yi kumfa, a zuba a mazubi, a dafa shi tare da farar wuta don ya daskare ya riƙe talewarsa. Wannan dabara ta farar wuta Charles Goodyear ne ya yi mata rajista a Amurka a 1844. Bayan dahuwa a wanke, a busar. Abin da ya fito shi ne tsokar katifar.

Lateks iri uku ne a kasuwa

Na farko shi ne na bishiya. Ya fi talewa, ya fi nauyi, ya fi daɗewa, ya kuma fi tsada. Ko shi ɗin akwai ɗan kason farar wuta da sabulu da wasu sinadarai a cikinsa, don in babu su kumfar ba za ta tsaya ba.

Na biyu na haɗi ne, wanda ake sarrafawa daga man fetur, a takarda za ka ga an rubuta SBR. Ya fi araha, ba ya kai na bishiya talewa, kuma sabonsa yakan yi warin sinadari.

Na uku gauraye ne na biyun. Ba laifi ba ne sayen gauraye, muddin an faɗa maka kason kowanne kuma kuɗin ya yi daidai da kayan. Inda ake cutar mutane shi ne a rubuta "lateks ɗari bisa ɗari" a jikin katifa, alhali SBR ma sunansa lateks. Saboda haka tambayar da za ka yi ita ce, "Kashi nawa ne na bishiya a ciki?"

Akwai kuma algus. Wasu masana'antu suna zuba alli ko farar ƙasa cikin kumfar don ta ƙara nauyi da tauri a kuɗi kaɗan. Irin wannan katifa tana saurin tsagewa da marmashewa. Wata kuma za ka tarar soso ne na yau da kullum tun daga ƙasa har sama, an ɗora masa lateks inci ɗaya kacal, aka sa wa duka suna lateks.

Dunlop ko Talalay

Waɗannan sunaye biyu hanyoyin dafa kumfar ne, kuma da kowacce ana iya yin na bishiya ko na haɗi.

Hanyar Dunlop ta samo asali ne a 1929 a masana'antar Dunlop da ke Birmingham a Ingila. A cika mazubi taf da kumfa, a bar ta ta kama jiki, a dafa da tururi. Kafin ta kama, abin da ya fi nauyi yakan ɗan kwanta a ƙasa, shi ya sa gefe ɗaya yakan fi ɗayan tauri kaɗan. Dunlop tana da cika da nauyi, tana tallafe jiki da ƙarfi, kuma ta fi sauƙin kuɗi.

Hanyar Talalay ta zo daga baya, an sa mata sunan iyalan da suka ƙirƙiro ta. A nan ba a cika mazubin. A zuba kumfa kaɗan, a rufe, a zuƙe iskar ciki har kumfar ta buɗe ta cika ko'ina, a daskarar da ita a sanyin da ya kai kusan digiri 30 ƙasa da sifili, a hura mata iskar kabon ta kama, sannan a dafa. Abin da ke fitowa ya fi laushi da shan iska, kuma taurinsa ɗaya ne ta kowane gefe. Aikinta ya fi yawa, don haka ta fi tsada. Manyan katifun Talalay sau da yawa haɗa su ake yi da gam, saboda haka in ka ga layin haɗi a tsakiya kada ka ɗauka aibi ne.

Wanda ya samu hali, haɗin da ya fi daɗi shi ne Dunlop mai tauri a ƙasa, Talalay ko Dunlop mai laushi a sama. Wanda zai sayi guda ɗaya tak, Dunlop matsakaiciya ta wadatar.

Nauyi da tauri

Lambobi biyu za ka nema a takardar katifa. Ta farko ita ce nauyin tsokar, wato kilo nawa ke cikin mita ɗaya ta tsawo da faɗi da kauri. Akan rubuta ta da harafin D. A lateks na bishiya da aka yi ta hanyar Dunlop, D65 laushi ne, D75 matsakaici, D85 tauri, D95 kuwa tauri sosai.

Wannan lamba tana ba ka damar yin lissafi tun kafin ka fita daga gida. Katifa mai ƙafa shida da shida, kauri inci 6, idan D75 ce, tsokarta kaɗai za ta kai kilo 38. Mai inci 8 za ta kai kilo 51. Soso na yau da kullum mai wannan girman ba ya wuce kilo 14 zuwa 20. Idan akwai sikeli kusa, a ɗora a gani. Rashin nauyi yana tona asirin jabu nan take. Yawan nauyi kuwa bai isa shaida shi kaɗai ba, tunda alli ma nauyi gare shi.

Lamba ta biyu ita ce ILD, ma'aunin ƙarfin da ake buƙata kafin a danne kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin tsokar. A ƙiyasi, abin da ya kama daga 14 zuwa 22 laushi ne, 23 zuwa 30 matsakaici, daga 31 zuwa sama tauri. Masana'antu sukan ɗan saɓa wa juna a nan, don haka jikinka ne zai yanke hukunci na ƙarshe.

Mai kwanciya ta gefe yana son saman katifa ya yi laushi, inci 2 zuwa 3, yadda kafaɗa da kwatangwalo za su ɗan nutse, kashin baya ya miƙe. Mai kwanciya rigingine matsakaici ya fi masa. Mai rub-da-ciki yana buƙatar tauri don kada ƙugu ya lanƙwashe. Mai jiki sosai ya ƙara tauri da kauri, inci 8 zuwa 10. Siririn mutum ko yaro inci 6 ya ishe shi. Jariri kuwa ba a kwantar da shi kan shimfiɗa mai laushi da fuska za ta iya nutsewa ciki, nasa sai mai tauri.

Mutane da yawa suna ɗauka maganin ciwon baya shi ne katifa mai taurin dutse. Abin da baya ke so shi ne ya kwanta a miƙe ba tare da wani wuri ya rataya ba. Ka cire kunya ka kwanta a shagon minti goma, yadda ka saba kwanciya a gida. In kana rigingine, ka cusa hannu ƙarƙashin ƙugunka. Idan hannun ya shige babu abin da ya tare shi, katifar ta yi maka tauri. Idan kuma sai ka yi kokawa kafin ka juya, ta yi laushi da yawa.

Gwaji shida kafin ka biya

Gani ya kori ji, saboda haka komai mai shago ya faɗa, ka bi da waɗannan:

1. A zuge zif ka ga tsokar da idonka, ka auna kaurin kowane hawa. Katifar da ba ta buɗuwa, a nuna maka yankin samfurinta da takardar da ta bayyana abin da ke ciki.

2. Ka duba ramuka. Tsokar lateks tana da ramuka jere-jere masu faɗin fensir, sawun ƙusoshin mazubin da ke kai zafi ciki lokacin dahuwa. Amma ka sani ana huda soso ma don ya yi kama da ita.

3. Ka danna da tafin hannu ka ɗauke. Lateks yana tasowa nan take, yana biyo hannunka. Wanda ya riƙe sawun yatsu na ɗan lokaci wani irin soso ne daban, kuma yana riƙe zafi.

4. Ka duba launi, ka sansana. Na bishiya fari ne mai ratsin ruwan madara, da ɗan warin roba mara ƙarfi. Fari fat mai warin fetur ko gam alamar haɗi ce.

5. Ka lanƙwasa kusurwa, ka murza da yatsa. Idan ta nuna tsaga, ko gari ya biyo yatsanka, ko dai an yi algus ko ta tsufa a ajiye.

6. Ka nemi takardar shaida. GOLS tana tabbatar da cewa aƙalla kashi 95 cikin ɗari na kayan daga robar bishiya ne da aka noma bisa ƙa'idar noma mara sinadari. OEKO-TEX Standard 100 tana nuna an gwada kayan ba a samu sinadarai masu cutarwa fiye da ƙima ba, amma ba ta cewa na bishiya ne. GOTS kuwa ta yadi ce, auduga da ulu. Takardar gaskiya tana da lamba, da sunan masana'anta, da ranar ƙarewa. Tambari kawai a jikin leda ba shaida ba ne.

Rigar katifa

Tsokar lateks ba ta zama tsirara. Haske da iska suna cinye ta a hankali, ta koma ruwan ƙasa, ta bushe, ta fara marmashewa. Don haka rigar da ke jikinta aikinta ya wuce ado.

Riga iri biyu ce. Akwai saƙaƙƙiya mai talewa kamar yadin singileti, wadda ke bin lateks duk inda ya lotsa, jiki ya ji laushin da aka biya kuɗi dominsa. Akwai kuma mai ɗinkin ado da aka cusa wa wani abu a ciki, wadda ke ƙara wa katifa tauri kaɗan. Idan irin ta biyu ce, ka tambayi abin da aka cusa. Ulu yana da kyau ko a ƙasar zafi, domin yana shan gumi har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, kuma ba ya saurin kama wuta. Auduga ma tana da sanyi, sai dai takan kwanta bayan 'yan shekaru. Wanda za ka guje wa shi ne soso mai kauri a cikin rigar, don shi ne zai fara lotsawa ya bar kwari a tsakiyar gado alhali lateks ɗin da ke ƙasa lafiyarsa ƙalau.

Rigar ta kasance mai zif da ya zagaye aƙalla gefe uku, mai kaurin da haske ba ya ratsawa. Idan tela zai ɗinka maka, ka ba shi yadin auduga, a wanke yadin tukuna don ya gama ƙanƙancewa, kuma kada ya matse ta har kusurwoyin katifar su lanƙwashe.

Shimfiɗar kariya

Bayan riga sai abin da ake ɗorawa a kanta, ƙarƙashin zanin gado, don tare gumi da fitsarin yara da abin da ya zube. Lateks yana shan ruwa kamar soson wanka, ba a matse shi, ba a kuma shanya shi a rana. Ke nan hana ruwan shiga ya fi neman fitar da shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da aka saba a gidaje da yawa shi ne barin ledar da katifa ta zo da ita, ko shimfiɗa leda mai kauri. Leda tana tare ruwa, amma tana tare iska. A bazara mai kwanciya ya jiƙe sharkaf da gumi, a damina kuma danshi ya maƙale a ciki har fumfuna ta fito. Ga ƙara duk juyin da aka yi. Ledar shago a cire ta ranar da katifa ta shiga ɗaki.

Wadda ta dace ita ce shimfiɗa mai fuska biyu: samanta auduga mai kama da tawul ko yadin Tencel, ƙasanta wata siririyar fata da ake rubutawa TPU ko PU. Wannan fata tana tare ruwa amma tururin gumi yana ratsa ta. In an rubuta PVC, leda ce. Ka murza ta kusa da kunne, mai kyau ba ta ƙara. Ka ja ta, ya kamata ta tale ta koma. A gida ka shimfiɗa ta kan takarda, ka zuba rabin kofin ruwa, ka danna da hannu, bayan minti goma ka ɗaga ka duba. Ka zaɓi mai roba a baki wadda ke rungume gefunan katifa, kuma zurfinta ya yi daidai da kaurin katifar. Inda akwai ƙananan yara ko mara lafiya, a sayi biyu, ana wanke ɗaya ɗaya na kan gado.

Inda ba a tsoron ruwa sosai, shimfiɗar ulu ko ta auduga mai kauri ta fi sanyi, tana shan gumi, sai dai ba ta tare ruwa mai yawa.

Ga gidan da ke fama da kuɗin cizo, ko mai asma da yawan atishawa, akwai riga ta musamman da ke haɗiye katifa gaba ɗaya ta fuska shida, da zif mai ƙananan haƙora da marufi a ƙarshensa. Don tare ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, ƙofofin saƙar su kasance ƙasa da maikron 10. Idan saboda kuɗin cizo aka sa ta, kada a buɗe sai ta shekara, domin yana iya yin watanni da yawa bai sha jini ba yana raye. A kuma tuna rigar katifa kaɗai take karewa, wanda ya ɓuya a tsagar katakon gado sai an bi shi daban.

Wankin shimfiɗar kariya da ruwan sanyi ko mai ɗumi ne da sabulu mara ƙarfi. Ba a sa mata bilic, ba a goge ta da dutsen guga, don zafi yana narkar da fatar. Zanin gado kuwa a riƙa wanke shi duk mako, idan da hali da ruwa mai zafin digiri 60, wanda ke kashe ƙwarin ƙura.

Gado da kulawa

Lateks ba shi da ƙashi, duk yadda gado yake haka zai bi. Ka gaya wa kafinta kada tazarar katakan ta wuce inci 3, kuma babban gado a sa masa dogari a tsakiya mai ƙafa har ƙasa. Idan falanki ne a shimfiɗe, a huda shi don iska. Wanda zai ajiye katifa a ƙasa ya sa tabarma, ya riƙa jingine ta da bango duk mako ta sha iska, musamman da damina.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne rana. Mun gaji shanya katifa a tsakar gida tun zamanin katifar rimi da ta auduga, kuma ga su dabara ce mai kyau. Ga lateks kuwa halaka ce. Na taɓa ganin filon lateks da aka manta a kan igiya kwana uku a watan Afrilu. Da aka zuge rigar, samansa ya koma kalar ƙasa, aka shafa sai ga shi yana zuba kamar garin kwaki. In ruwa ya shiga katifa, a danna da busasshen tawul har ya daina jiƙa, a goge wurin da ɗan ruwan sabulu, a jingine ta a inuwa a kunna mata fanka.

Man fetur da danginsa ma suna kumbura roba su lalata ta. Kada a yayyafa kananzir don kuɗin cizo, kada a fesa maganin ƙwari kai tsaye a tsokar, kada man shafawa ya taɓa ta. A nisanta ta da kaskon wuta lokacin hunturu. Duk wata uku zuwa shida a juya kai ya koma ƙafa. Wajen ɗauka a naɗe ta ko mutum biyu su tallafe ta daga ƙasa, don in aka finciki kusurwa tana yagewa.

Wasu mutane jikinsu ba ya shiri da robar bishiya. In sun sa safar hannu ta asibiti ko sun hura balan-balan sai borin jini, ko kumburin leɓe, ko sarƙewar numfashi, kuma wasunsu haka suke ji in sun ci ayaba ko kiwi. Wankin da ake yi wa kumfar a masana'anta yana rage abin da ke jawo hakan, amma mai irin wannan lalura ya ga likita kafin ya kai katifar lateks ɗakinsa.

Mu dai a ranar da na raka yaya kasuwa, da muka samu ta gaskiya a wani shagon, kuɗin yaya bai kai ba. Sai muka sayi katifar soso mai tauri ta ƙwarai, muka ɗora mata shimfiɗar lateks ta Dunlop inci 3 wadda muka ga cikinta da idonmu, da rigar auduga mai zif, da shimfiɗar kariya guda biyu. Ranar jere, bayan an gama ɗaura gado, yaya ta kira amarya gefe ta zuge zif ɗin ta nuna mata ramukan, ta ce, "'Yar nan, ki riƙe wannan. Zanin gado da na samansa ki wanke ki shanya yadda kike so. Wannan na ciki kuwa, ko sau ɗaya kada rana ta gan shi."